Yadda Aka Ƙetare Iyakar Madubin Likita

Ran 8 ga watan Oktoba, 2014, majalisar masana ta ƙasar Suwidin ta ba da sanarwa cewa kyautar Nobel ta ilmin sinadarai ta wannan shekara ta faɗa kan mutum uku, watau Eric Betzig da William Moerner na Amurka, da Stefan Hell na Jamus. Abin da ya jawo musu wannan girma kuwa shi ne, sun sa madubin likita ya ga abin da littattafan makaranta suka yi shekara fiye da 100 suna cewa ba zai taɓa gani ba. Mun ga ya kamata mu warware wa masu karatu wannan labari daki-daki, musamman malaman makaranta, domin su ne yara kan tare da tambaya. Za a ga ba wani sabon gilashi aka wasa ba. Da lokaci aka yi dabarar, lokaci ɗan ƙanƙane wanda ƙiftawar ido ta fi shi tsawo sau miliyoyi.

Ƙanƙantar abin da ake magana

Bari mu fara da awo. A ɗauki rula, a dubi tsaga mafi ƙanƙanta a gefen santimita, ita ce milimita. In aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ake kira nanomita. Kaurin gashin kan mutum yakan kai wajen nanomita 80,000. Faɗin jar ƙwayar jini wajen 7,500 ne. Ƙwayar cutar tarin fuka tsawonta tsakanin 2,000 da 4,000. Duk waɗannan madubin likita na asibiti yana nuna su. Amma ƙwayar cutar mura faɗinta wajen 100 ne kacal, furotin kuwa, watau ƙananan ma'aikatan nan da ke gudanar da kowace hidima cikin ƙwayoyin jikinmu, yawancinsu ba su kai nanomita 10 ba. To, a nan ne gizo ke saƙa, gama cuta da magani duka a wannan ƙasƙantaccen fage suke gwabzawa.

A shekarar 1873 wani masani Bajamushe, Ernst Abbe, wanda ke aiki tare da maƙerin madubai Carl Zeiss a garin Jena, ya bayyana dalilin da ya sa madubi ke da iyaka. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kowane launi da tsawon takunsa. Shuɗi mai duhu takunsa wajen nanomita 400 ne, ja kuwa wajen 700. Abbe ya nuna da lissafi cewa in tsakanin abu biyu bai kai wajen rabin takun hasken da ake duba su da shi ba, to, za su haɗe su zama ɗaya a ido. Iyakar ke nan, wajen nanomita 200.

Duk akawun da ya taɓa ɗiga tawada a kan takarda mai tsotsa ya san wannan al'amari. Kome tsinin alƙalami, ɗigon sai ya bazu ya yi dabbare. In aka ɗiga biyu kusa da juna sai su zama tabo guda, ko da an kawo gilashin ƙara girma ba abin da za a gani sai babban tabo. Haka kowane ɗigon haske yake bazuwa cikin madubi. An sassaƙa lissafin nan na Abbe a jikin dutsen tunawa da shi a Jena, masana kuma suka karɓe shi a kan magana ce wadda ta ƙare.

Gaskiya ne tun wajen 1931 Ernst Ruska da malaminsa Max Knoll suka ƙago madubin da ke aiki da ƙwayoyin lantarki maimakon haske, wanda ke ganin abin da ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Amma kafin a duba abu da shi sai an kashe shi, an busar ko an daskarar, an sa shi inda babu iska. Mai son ya ga yadda ƙwayar jiki ke aiki tana da rai, dole ya koma ga haske, haske kuwa ga iyakarsa.

Abin da aka gani cikin ruwan kwinin

Mabuɗin al'amarin ya fito daga wani abu da kakanninmu suka sani da ɗaci, watau kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. A 1845 Sir John Herschel na Ingila ya lura ruwan kwinin, wanda ba shi da launi, in hasken rana ya bugi gefensa yakan yi wani shuɗi-shuɗi mai ban sha'awa. A 1852 George Stokes na Jami'ar Cambridge ya gano dalili. Kwinin yana shanye wani haske na rana wanda ido ba ya gani, sa'an nan ya mayar da shi da wani launi dabam wanda ido ke gani. Galibi kuwa hasken da aka mayar takunsa ya fi na wanda aka sha tsawo. Mu a nan za mu kira wannan hali amsa-haske, don ya yi kama da amsa-kuwwa: ka yi kira a gindin dutse, ka ɗan dakata, muryar ta komo maka ta sauya kaɗan.

Amfanin wannan a fili yake. In aka shafa wa abin da ake nema rini mai amsa-haske, aka haska shi da launi ɗaya, aka sa gilashin da ke tare wannan launi ya bar na amsar kaɗai ya wuce, sai a ga abin yana ƙyalli cikin duhu kamar wuta a daji da dare. Da irin wannan rini ake neman ƙwayar tarin fuka cikin majina, har a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ɗakunan gwaji su koma ga madubi mai amsa-haske don wannan aiki.

Sai kuma wata baiwa ta fito daga teku. A 1961 wani Bajapane, Osamu Shimomura, ya tattara wajen 10,000 na wata halittar ruwa mai siffar laima, mai jiki kamar kamu, a gaɓar tekun jihar Washington ta Amurka. A cikinta ya sami wani furotin mai amsa haske da kore, ya ba da labarinsa a 1962. A 1994 Martin Chalfie ya nuna ana iya dasa asalin wannan furotin cikin wata halitta dabam, ta riƙa ƙera shi da kanta. Roger Tsien kuma ya sarrafa shi ya fitar da launuka iri-iri. Su uku aka ba kyautar Nobel ta 2008. Daga nan masana suka sami ikon rataya wa kowane furotin da suke so 'yar fitilarsa, ƙwayar jiki kuwa tana nan da ranta. Amma fa fitilun in sun matsu, har yanzu tabo guda ake gani.

Ɗan jinkirin da ke tsakani

Mun ce amsa-kuwwa takan ɗan dakata kafin ta komo. Haka ƙwayar rini take. In ta sha haske takan riƙe shi na ɗan lokaci kafin ta saki. Wannan lokaci ana auna shi da nanosakan, watau kashi ɗaya cikin miliyan dubu na sakan guda. Don a gane ƙanƙantarsa, yadda sakan ɗaya yake in an gwada shi da shekara 32, haka nanosakan yake in an gwada shi da sakan ɗaya. Haske da duk saurinsa, wanda ke cin kilomita 300,000 cikin sakan, abin da yake ci cikin nanosakan bai wuce tsawon rular ɗan makaranta ba, watau ƙafa guda. Yawancin rinin da ake aiki da su sukan riƙe haskensu tsakanin nanosakan 1 da 10. Wani masani ɗan ƙasar Ajantina, Enrique Gaviola, shi ya fara auna wannan jinkiri sosai a Jamus cikin 1926.

Auna abu dabam, sa masa hannu dabam. Kafin a iya yin wani abu cikin wannan ɗan tsakani sai da aka sami fitilar da ke walƙawa ta ɗauke da saurin da ya fi haka. A 1960 Theodore Maiman ya harhaɗa leza ta farko a Amurka, watau fitila mai fid da haske launi ɗaya, miƙaƙƙe kamar zare. Sannu a hankali aka kai ga leza wadda walƙiyarta ɗaya ba ta wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na nanosakan ba, tana kuma maimaitawa wajen sau miliyan 80 kowane sakan. Da irin waɗannan gajerun walƙiyoyi ne Ahmed Zewail, mutumin Masar, ya bi sawun yadda sinadarai ke rabuwa da haɗuwa, aka ba shi kyautar Nobel a 1999.

Dabarar gammo

An haifi Stefan Hell a garin Arad na Romaniya a 1962, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Jamus, ya yi karatu a Heidelberg. Tun yana saurayi zuciyarsa ba ta kwanta da cewa maganar 1873 ita ce ta ƙarshe ba. Manyan masana na ƙasarsa ba su ga abin kamawa cikin zancensa ba, sai a Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan ya sami wurin zama a 1993. A can ne, yana karanta wani littafi, ya ci karo da wani abu da Albert Einstein ya bayyana tun 1917: ƙwayar da ta sha haske, in aka buge ta da wani haske mai launin da ya dace, ana iya tilasta mata ta saki abin da ta riƙe nan take, ba sai lokacinta ya yi ba.

Ga yadda Hell ya yi amfani da wannan. Da fari sai a aika da walƙiya ɗaya ta shayar da dukan rinin da ke cikin tabon nan mai faɗin nanomita 200. Kafin su kai ga amsawa, cikin abin da bai kai nanosakan ɗaya ba, sai a biyo da walƙiya ta biyu wadda aka murɗa ta yi siffar gammo, haske kewaye, rami a tsakiya. Duk ƙwayar rinin da gammon ya hau kanta sai ta zubar da haskenta da wani launi wanda gilashi ke tarewa. Waɗanda ke cikin ramin kaɗai suka rage, su ne za su amsa a gani. Gwargwadon ƙarfin gammon, gwargwadon ƙanƙancewar ramin. Sai a bi abin da ake dubawa da wannan ɗan rami layi-layi, kamar mai shara, na'ura tana rubuta abin da ta gani a kowane wuri har sura ta cika.

Ya buga wannan shawara a 1994 tare da Jan Wichmann. Da ya koma Jamus, a cibiyar bincike ta Max Planck da ke Göttingen, ya harhaɗa na'urar, a shekarar 2000 ya nuna surar wata ƙwayar cuta ta hanji wadda ta fi abin da madubin haske ya saba bayarwa fitowa sarai. Gani ya kori ji. Ana kiran wannan hanya STED, yau kuwa da ita akan rarrabe abubuwan da tsakaninsu bai wuce nanomita 30 zuwa 50 ba.

Kowa ya jira a kira shi

Hanya ta biyu dabam take, amma ita ma da lokaci ta dogara. A 1989 William Moerner, yana aiki a ɗakin binciken kamfanin IBM a Kalifoniya, ya zama na farko da ya auna yadda ƙwayar sinadari guda ɗaya tak ke shan haske. A 1997 kuma ya lura koren furotin ɗin nan yakan yi ƙyaf-ƙyaf, ya kama ya mutu, har ma wanda ya mutu ana iya ta da shi da haske mai shuɗi.

Eric Betzig shi kuwa ya riga ya rubuta a 1995 cewa in da za a sami fitilun da ake iya rarrabe kowace daga sauran, da an warware matsalar. Ya bar bincike, ya koma kamfanin injuna na mahaifinsa a Michigan ya yi shekaru. A 2005 ya ji labarin furotin da ake kunnawa da haske. Shi da abokinsa Harald Hess, dukansu ba su da aikin albashi a lokacin, suka harhaɗa madubi da kuɗin aljihunsu a falon gidan Hess, suka buga sakamakon a 2006. A wannan shekara kuma Xiaowei Zhuang ta Jami'ar Harvard ta fito da irin wannan hanya da nata rinin.

Duk malamin da ya taɓa kiran suna a aji ya san asirin. In yara 50 suka amsa gaba ɗaya ba ka san wanda ya zo ba, sai hayaniya. In kowa ya jira a kira shi, ka san kowa da inda yake zaune. Haka ake yi: a kunna fitilu 'yan kaɗan waɗanda ke nesa da juna, a ɗauki hoto. Kowace za ta fito tabo ne, amma tun da an san ita kaɗai ce a wurin, sai a lissafa tsakiyar tabon a sa alama. In an tara ƙwayoyin haske 100 daga gare ta, ana iya sanin wurinta da daidaito wajen ninki 10 fiye da faɗin tabon. Sai waɗannan su mutu, a kunna wasu. Bayan an yi haka sau dubbai, a tara alamomin duka a takarda ɗaya, sura ta bayyana.

Jinkiri ya zama ma'auni

Akwai kuma wata hikima. Tsawon lokacin da ƙwayar rini ke riƙe haskenta yana sauyawa bisa ga abin da ke kewaye da ita, kamar tsami, ko iskar da muke shaƙa, ko kusantar wata ƙwayar. Saboda haka akan sa na'ura mai ƙidayar ƙwayoyin haske ɗaya-ɗaya, tana rubuta jinkirin kowace bayan walƙiya, kamar akawu mai rubuta lokacin isowar kowane ma'aikaci. In an tara miliyoyi sai a zana taswira wadda launinta ke nuna jinkiri a kowane wuri. Theodor Förster na Jamus ya bayyana a 1948 cewa in rini biyu masu dacewa suka kusanci juna ƙasa da nanomita 10, na farkon yakan miƙa wa na biyun abin da ya sha, jinkirinsa ya ragu. Ta haka, in an rataya wa furotin biyu fitilu, raguwar jinkiri kaɗai ta isa shaida cewa sun haɗu, ko da ido bai rarrabe su ba.

Gajeriyar walƙiya ta kuma buɗe wata ƙofa. A 1931 Maria Goeppert-Mayer ta nuna da lissafi a Göttingen cewa ƙwayar sinadari tana iya shan ƙwayoyin haske biyu masu rauni a lokaci guda, su yi mata aikin ɗaya mai ƙarfi. A 1990 Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb na Jami'ar Cornell suka gina madubi a kan wannan. Shi bai ƙetare iyakar Abbe ba, amma yana leƙawa cikin nama mai rai, har kusan zurfin milimita ɗaya cikin ƙwaƙwalwar ɓera.

Me aka gani, me ya rage

Mai karatu zai ce, to, me aka samu? A 2011 masana a Melbourne ta Ostareliya, da wani ɗan'uwan waɗannan madubai, suka nuna yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke kafa wani zobe a jikin jar ƙwayar jini ta kutsa ta cikinsa. A 2012 aka duba ƙwayar cutar ƙanjamau da STED, aka ga ƙayoyin da take kama jikin mutum da su sukan taru wuri ɗaya sa'ad da ta nuna ta isa harbi. A 2013 Zhuang da almajiranta suka gano jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da wasu zobba a jere cikinsu, tsakanin kowane biyu wajen nanomita 190, abin da ba wanda ya san da shi a da, don tazarar tana ƙarƙashin iyakar Abbe kaɗan. A ƙarshen 2016 kuma Hell ya haɗa dabarun nan biyu cikin wata hanya mai suna MINFLUX, wadda ke nuna wurin ƙwayar rini da kuskuren da bai fi nanomita 1 ko 2 ba. Mai neman magani ko rigakafi, in ya san ƙofar da ɓarawo ke shiga, ya san inda zai sa kuba.

Amma kada mu zuga abin fiye da kima. Na'urorin suna da tsada ƙwarai, suna kuma bukatar gwanaye. Haske mai ƙarfi yakan ƙone rinin, wani lokaci ya cuci ƙwayar da ake dubawa. Hanyar kiran suna tana cin lokaci, abin da ke motsi da sauri yakan kuɓuce mata. Har wa yau, fitilar ake gani, ba mai riƙe da ita ba, abin da ba a rataya wa fitila ba yana nan cikin duhu. Tsohon madubin asibiti kuwa bai tsufa ga aikinsa ba, da shi ake duba jinin mai zazzaɓi har gobe.

Jawabi ga malamai

Abin da muke so malamai su riƙe shi ne, Abbe bai yi kuskure ba. Lissafinsa yana nan daram, kowane ɗigon haske cikin sababbin madubai har yanzu bazuwa yake yi kamar yadda ya faɗa. Sai dai maganarsa tana da sharaɗi, watau abubuwan biyu su kasance suna haske tare a lokaci guda. Shekara 120 ana karanta hukuncin ana tsallake sharaɗin, har aka sami waɗanda suka tsaya suka tambaya, in ɗaya ya yi shiru fa? Ma'aikatan ofis sun san haka cikin aikinsu, wanda ya haddace doka bai san sharuɗɗanta ba yakan hana abin da doka ba ta hana ba.

Saboda haka in malami zai koya wa yara wata ƙa'ida ta kimiyya, ya koya musu ita tare da dalilinta da inda ta tsaya. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don me?" kada a kwaɓe shi, a ba shi amsa gwargwadon sani. Wanda yake da ruwan tonik mai kwinin da 'yar fitilar nan da ake duba takardun kuɗi da ita, yana iya nuna wa ajinsa shuɗin da Herschel ya gani a 1845, cikin ɗaki mai duhu, ba tare da wata babbar ɗawainiya ba. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.